Risho Mai Kananzir: Yadda Ake Kafa Shi Da Yadda Ake Daidaita Wutarsa

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan sauko ƙasar Zazzau daga arewa maso gabas, ta zo da ƙura da ɗari. A cikin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Ga mutumin Turai wannan ba wani sanyi ba ne, amma ga jariri da tsoho da ɗan tsakon da bai yi gashi ba, ya isa ya kawo cuta ko mutuwa. Saboda haka mutanen Gyallesu da na Tudun Wada da na cikin birnin Zariya sukan nemi abin ɗumama ɗaki. Waɗansu kaskon gawayi suke hurawa, waɗansu kuwa risho mai kananzir suke kunnawa, musamman masu kiwon kaji a bayan gida.

Risho bawa ne mai biyayya in an san halinsa. In kuwa ba a sani ba, yana shan mai a banza, yana baƙanta ɗaki, yana kuma iya hallaka mutanen gida suna barci. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda ake kafa shi, da yadda ake daidaita wutarsa, da alamun da yake bayarwa sa'ad da wani abu ya ɓaci.

ASALIN KANANZIR DA RISHO

A shekarar 1846 wani likita mutumin Kanada, mai suna Abraham Gesner, ya nuna yadda ake tatso man fitila daga kwal, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da bakin Bahaushe ya mayar kananzir. Da aka haƙa rijiyar mai a Titusville ta ƙasar Amurka a 1859, sai aka koma tace shi daga ɗanyen mai, ya yi araha, ya bazu cikin duniya. Hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911, ita ta sauƙaƙa kawo shi ƙasar Hausa cikin garwa mai cin galan 4, watau kamar lita 18. Wannan garwa ce masu sayar da ruwa suka gada suna ɗauka a kafaɗa.

Risho iri biyu ne. Akwai mai lagwani, wanda zare ke tsotso masa mai daga tanki. Akwai kuma mai famfo, wanda Frans Wilhelm Lindqvist ya ƙera a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1892, aka sa masa suna Primus. Irinsa Roald Amundsen ya ɗauka sa'ad da ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911.

Tun da aka janye tallafin kananzir a Nijeriya a 2016 farashinsa ya hau ƙwarai, gidaje da yawa suka koma girki da iskar gas ko gawayi. Wanda har yanzu yake aiki da risho, lalle ne ya san cewa duk hayaƙin da ya ga yana tashi, kuɗinsa ne ke bin iska.

ABIN DA WUTA KE BUKATA

Kananzir ba ya ci yana ruwa. Sai zafi ya mai da shi tururi, tururin ya gauraya da iska, sa'an nan ya kama. Iskar da yake bukata kuwa ba kaɗan ba ce: lita 1 ta kananzir tana bukatar iska wajen lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Duk aikin daidaita risho, ƙarami ko babba, bai wuce wannan ba, watau a sa mai da iska su zo daidai da juna.

Launin harshen wuta shi ne shaida. In shuɗi ne, yana tsaye ba ya rawa, to, mai da iska sun daidaita, zafi ya kai matuƙa, ba hayaƙi. In ja ne ko rawaya, yana miƙewa yana lasar gindin tukunya, to, mai ya rinjayi iska. Man da bai ƙone ba shi ke zama kunkunniya, shi ne kuma ke haifar da iska mai guba wadda za a yi bayaninta a gaba.

ZAƁEN MAI

Kananzir tsantsa ba ya ba da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa yana ba da irin wannan tururi ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Wannan bambanci shi ya sa ake iya ajiye kananzir a gida, shi ya sa kuma gurɓataccen kananzir, wanda aka gauraya da fetur, yake fashewa cikin tanki. An yi hasarar rayuka da yawa ta wannan hanya a Nijeriya, kamar yadda ya faru a Jihar Edo a 2001.

Don haka a sayi mai a wurin da aka sani. Kada a auna shi cikin jarkar da aka taɓa zuba fetur a ciki. Wanda ya yi shakka, sai ya shinshina, gama warin fetur ba ya ɓuya. Yana kuma iya ɗibar cokali guda ya zuba a murfin gwangwani, ya kai tsakar gida nesa da jarkar, ya kusanto da wuta a bakin dogon kara. Kananzir na ƙwarai, a lokacin sanyi, ba ya saurin kamawa. In ya yi bal tun wutar ba ta taɓa shi ba, kada a zuba shi a risho ko a fitila. Araha ba ta ado.

A tace mai da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, domin ƙurar hunturu da ɗigon ruwa su ke toshe lagwani, su kuma sa tanki tsatsa.

KAFA RISHO MAI LAGWANI

Sassansa kaɗan ne. Akwai tanki a ƙasa. A bisansa akwai ƙananan bututu a jere, sun yi da'ira, kowanne da zarensa. Akwai maɓallin da ke ɗaga zaruruwan ya kuma sauke su. Akwai gwangwanaye biyu masu huji-huji, na ciki da na waje, waɗanda wuta ke ci a tsakaninsu. Sai murfin waje da madorin tukunya.

Na farko, a zaɓi wuri. Ya zama daɓe ne mai ƙarfi, ba tabarma ko kafet ba, nesa da labule da gidan sauro da katifa da aƙalla mita 1, ba kuma a hanyar da yara ke wucewa ba. Kada iskar ƙofa ta riƙa bugunsa kai tsaye.

Na biyu, a tabbata ya zauna daidai, bai karkata ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora kwanon ruwa a kansa a dubi bakin ruwan. In ya fi matsowa gefe guda, sai a yi wa ƙafar wannan gefen matashi da fallen tayil ko ƙarfe. Rishon da ya karkata, zaruruwan gefe ɗaya sukan sha mai fiye da kima, na ɗaya gefen su bushe su ƙone.

Na uku, a sa lagwani. Zaren auduga ake so, mai kaurin da zai cika bututu ba tare da ya cije ba. In ya yi siriri, tururi zai bi gefensa, wuta ta iya komawa tanki. In ya yi kauri, maɓalli ba zai iya sauke shi ba. Kowane zare ya kai gindin tanki har ya ɗan kwanta. A ɗaga su duka, a daidaita kawunansu da almakashi su zama tsawo ɗaya. Sa'an nan a sauke a duba: wajibi ne kowanne ya shige cikin bututunsa, gama wanda ya rage a waje ba zai mutu ba sa'ad da aka zo kashewa.

Na huɗu, a zuba mai a waje, ba cikin ɗaki ba, kada kuma ya wuce kashi uku cikin huɗu na tanki, domin mai yana kumbura in ya ji zafi. A goge wanda ya zube. Sabon lagwani a ba shi kamar sa'a guda ya jiƙa kafin a kunna. Wanda ya yi gaggawa, zaren ne zai ƙone maimakon mai.

DAIDAITA WUTA

A ɗaga lagwani, a kunna kowane zare, a mai da gwangwanayen huji mazauninsu, a ɗan juya su har a ji sun zauna. A 'yan mintocin farko wutar takan yi ja da ɗan wari, domin ƙarfen bai yi zafi ba tukuna. Gara a yi wannan a waje ko a bakin ƙofa. Da ƙarfen ya ɗauki zafi, wutar za ta hau tsakanin gwangwanayen ta zama shuɗiya. To, sai a riƙa sauke lagwani sannu a hankali har jan ya ɓace ɗungum, a tsaya nan. Kada a sauke ƙwarai don tattalin mai, gama wutar da ta yi ƙasa ainun takan bar ƙarfen ya huce, wari da guba su ƙaru.

Ga ma'anar alamun da aka fi gani.

In wuta ta yi ja ko'ina: lagwani ya yi sama, ko kuwa ƙura da kunkunniya sun toshe hujin gwangwanayen. A kashe, a bari ya huce, a goge da burushin waya.

In gefe ɗaya ne ya yi ja: zare ɗaya ya fi sauran tsawo, ko gwangwani bai zauna ba, ko risho ya karkata.

In wuta ta yi rauni ga kuwa mai a tanki: kan lagwani ya yi ƙanzo, ko akwai ruwa a cikin man. A yanke baƙin, a juye tanki a wanke shi da kananzir mai kyau.

In wuta tana tsalle tana ƙara, ko ta bayyana a ƙarƙashin gwangwanaye kusa da tanki: a kashe nan da nan. Ko wani bututu ba shi da zare, ko man gurɓatacce ne.

Wurin kashewa, a sauke lagwani har ƙarshe, a jira wutar ta mutu, a kuma leƙa a tabbata. Al'adar yayyafa ruwa tana jiƙa zare, tana sa ƙarfe tsatsa, tana kuma cika ɗaki da hayaƙi. Ba a ƙara mai risho yana ci ko yana da zafi, ba a kuma ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri da wuta a kansa.

RISHO MAI FAMFO

Wannan ba shi da lagwani. Iskar da aka bunƙasa cikin tanki ita ke tura mai sama ta cikin bututun tagulla mai zafi, ya zama tururi, ya fito ta wani ɗan rami kamar kan allura. Sirrinsa duka shi ne a zafafa kan kafin mai ya iso.

A zuba mai kashi uku cikin huɗu, a ɗaure murfi, a bar ɗan maɓallin iska a buɗe. A cika ɗan kaskon da ke ƙarƙashin kan da sifirit, a kunna. Sa'ad da sifirit ya kusa cinyewa, a rufe maɓallin iska, a buga famfo sau uku ko huɗu. Tururi zai fito ya kama da wuta shuɗiya mai gurnani. Ƙara famfo yana ƙara wuta, sassauta maɓallin iska yana rage ta, buɗe shi gaba ɗaya yana kashe ta.

In aka yi famfo kan bai yi zafi ba, ɗanyen mai ne zai fito, wuta ja ta tashi sama da hayaƙi. Maganinta a buɗe maɓallin iska nan take, a bari ya huce, a sake daga farko. In wuta ta karkace ko ta yi rauni, a tsokaci ramin da allurarsa ta musamman. Allurar ɗinki tana faɗaɗa ramin, mai ya rinjayi iska har abada. In famfo ya daina kamawa, fatarsa ce ta bushe, abin da hunturu ke yawan jawowa. A ciro ta a shafa mata mai ta yi laushi. Tun da yake wannan risho yana bukatar a riƙa yi masa famfo, na girki ne, bai dace da ɗumamar dare ba.

ƊAKIN 'YAN TSAKI

Zariya gari ne na kiwon kaji. A Shika akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe da inji ba shi da uwar da za ta rufe shi, ba ya kuma iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, risho mai lagwani yakan tsaya a matsayin uwa.

A share ɗaki a wanke, a shimfiɗa askin katako ko ɓuntun shinkafa mai kaurin wajen santimita 5. A kewaye wurin da kwali ko falanki mai tsawon kamar rabin mita, a yi shi da'ira don kada tsaki su sami kusurwar da za su danne juna. A tsakiya a ajiye faranti mai yashi ko bulo, a ɗora risho a kai, kada ya taɓa shimfiɗar, a kuma kewaye shi da ragar waya. A bisansa a rataye fallen kwano domin ya maido da zafi ƙasa. A kunna tun kwana guda kafin tsaki su iso, domin a ga halin wutar, daɓe kuma ya yi ɗumi.

A makon farko ana son zafi digiri 32 zuwa 35, a auna shi daidai tsayin bayan ɗan tsako, ba a jikin bango ba. Daga nan a riƙa rage wajen digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su. Wanda ba shi da ma'auni, tsakin kansu za su gaya masa. In sun taru a gindin risho suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, sun buɗe fukafukai, zafi ya yi yawa. In sun koma gefe guda kaɗai, iska na shigowa ta ɗaya gefen. In sun bazu suna ci suna sha, komai ya daidaita.

In zafi ya yi yawa, a ɗaga kwanon sama ko a faɗaɗa da'irar, maimakon a sauke lagwani ƙasa da inda wuta ke shuɗi. A duba tanki kafin magariba, a kuma leƙa ɗakin cikin dare, musamman gab da asuba. Kada a like tagogi duka da leda. A bar kafa a sama, gama kowace lita ta kananzir tana fid da tururin ruwa wajen lita guda, wanda ke jiƙa shimfiɗa ya jawo cuta.

MANYAN MURAHU MASU FESHI

A waɗansu gidajen burodi da masana'antu akwai babban murhu mai aiki da dizal ko kananzir da wutar lantarki. Famfo ke tura mai ta cikin nozul ya fesa shi kamar hazo, fanka ta hura iska, tartsatsin lantarki mai ƙarfin wajen bolt 10,000 ya kunna. A jikin kowane nozul an buga yawan galan da yake fesawa a sa'a guda, da faɗin feshinsa, kamar digiri 60 ko 80. In za a sauya, a sa irin wanda maƙerin murhun ya rubuta.

Kafin a kunna sabo, a fid da iskar da ta maƙale cikin bututun mai har man ya fito ba kumfa. Wurin daidaitawa, akan rage ƙofar iska har hayaƙi ya fara bayyana, sa'an nan a buɗe sannu har ya ɓace, a ɗan ƙara kaɗan. Iskar da ta yi yawa ita ma hasara ce, gama tana kwashe zafi ta fita da shi. Wannan aikin makaniki ne mai na'urar auna hayaƙi. Akwai ɗan idon lantarki da ke tsai da murhu in wuta ba ta kama ba. In ya tsaya, kada a yi ta danna maɓallin tayarwa, domin kowace dannawa tana tara mai a ciki, ranar da ya kama kuwa zai kama gaba ɗaya. A sauya nozul da matacin mai sau ɗaya a shekara.

ISKA MAI GUBA

Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba, ta risho ce ko ta gawayi ko hayaƙin janareta, tana fid da iskar da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. In mutanen ɗaki guda suka ji haka tare, suka kuma ji sauƙi da suka fita waje, to, ita ce.

Ƙa'idar guda ce: a ɗumama ɗaki taga tana ɗan buɗe, a kashe risho a fitar da shi kafin a kwanta. Ba a barci da wuta a rufaffen ɗaki, ko da mai jego ce da jaririnta. Bargo da rigar sanyi su ne na dare.

IN HAƊARI YA AUKU

Wanda gubar ta kama, a fitar da shi sarari nan da nan, a buɗe ƙofofi, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Wutar kananzir ba a zuba mata ruwa, gama mai yana hawa kan ruwa ya bi shi. A rufe ta da yashi ko jiƙaƙƙen buhu. Saboda haka ya kamata bokitin yashi ya zauna kusa da kowane risho. Wanda ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a shafa ƙwai ko man goge baki.

Kada a ajiye kananzir cikin kwalbar lemo ko robar ruwan sha, domin yaro ba ya bambancewa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama in man ya sarƙe shi ya shiga huhu, nan ne babban haɗarin yake. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a garzaya da shi asibiti.

Masu unguwanni da limamai da malaman makarantu za su taimaki jama'a ƙwarai in suka riƙa tunatar da waɗannan abubuwa tun farkon Nuwamba, kafin ɗari ya kankama. Mai gida kuwa ya duba rishonsa tun yanzu: ya sauya lagwani, ya goge huji, ya gwada wutar a tsakar gida har ya ga ta yi shuɗi. Rigakafi ya fi magani.